Daga Marakesh Zuwa Marzuga: Abin Da Ƙurar Sahara Ta Koya Mana

Mu huɗu ne 'yan Arewa da ke karatu a wata jami'a a Maroko. Da hutu ya zo, wani abokin karatunmu ɗan ƙasar ya gayyace mu mu raka kawunsa yawon buɗe ido zuwa bakin Sahara. Shi yana kiran dattijon Khali, wato Kawu, mu ma sai muka ɗauka. Kawu ya yi shekaru yana aiki a Faransa, da ya yi ritaya ya dawo gida da wata irin mota da ba mu saba gani ba, mota mai ɗaki. A cikinta akwai gadaje da wurin girki da banɗaki da ƙaramin firiji. A ƙasanta akwai tankin ruwa mai cin lita 100, a kan rufinta kuma an kafa faifan sola.

Tun kafin mu tashi daga Marakesh, Kawu ya miƙa mana bokiti biyu da tsummoki masu laushi. Ya ce, "'Ya'yana, tuƙi nawa ne, tsabtar jikin mota kuma taku ce." Muka yi dariya a ranmu. Wanda ya tashi cikin hazon hunturu a Kano ko Katsina, wa zai koya masa share ƙura?

Hanyar ta kai kusan kilomita 560. Ranar farko muka hau tsaunukan Atlas, muka ratsa ta mashigar Tizi n'Tichka mai tsayin mita 2,260, hanya tana ta lanƙwasa kamar maciji. Da yamma muka sauka kusa da Ait Ben Haddu, tsohon garin ginin jar ƙasa da Hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Ganinsa ya tuna mana da tsofaffin unguwannin cikin birnin Zariya.

A nan muka yi kuskuren farko. Ɗaya daga cikinmu ya ga taga ta yi buɗu-buɗu, ya ɗauko busasshen tsumma ya goge ta da ƙarfinsa. Da rana ta haska, sai ga zane-zane sirara sun cika tagar. Kawu bai yi faɗa ba. Ya bayyana mana cewa tagogin ɓangaren ɗaki na roba ne, ba gilashi ba, kuma ƙurar nan ƙananan ƙwayoyin yashi ne masu kaifi. In ka goge ta a bushe, tamkar ka sa takardar goge katako ne. Sai an fara jiƙa ta da ruwa ta sauka da kanta.

Washegari ya koya mana tsarin aikin. A fara daga sama a gangaro, don kada dattin rufi ya sake ɓata inda aka wanke. Bokiti ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma, don kada yashin da ka kwaso ya koma jikin fenti. Ban da garin sabulun wanki ko na wanke-wanke, domin suna cinye man da ke kare fenti. Ban da wanki cikin tsakar rana, saboda ruwan zai bushe ya bar tabo. Kashin tsuntsaye da matattun ƙwari kuwa ba a barinsu su kwana biyu, don suna cin fenti.

Da muka wuce Warzazat, mun hango hasumiyar tashar lantarki ta Nur, wadda aka buɗe kashinta na farko a 2016. Dubban madubai ne ke tattara hasken rana a wurin, kuma Kawu ya ce su ma wanke su ake yi a kai a kai, domin madubi mai ƙura ba ya ba da cikakken aiki. Mun ji maganar, amma ba mu kawo ta kusa da kanmu ba.

A kwazazzabon Todga, kusa da garin Tingir, muka tarar da rafi mai sanyi yana gudu tsakanin dogayen duwatsu. Nan take muka ɗauko bokiti, ga ruwa kyauta. Kawu ya hana. Ya nuna mana yadda ruwan ke gangarawa cikin gonakin dabino da lambunan mutane, ya ce, "Kumfar sabulunku a gonar wa za ta ƙare?" Ya ƙara da cewa ƙasar ta sha fama da fari shekaru a jere, har a farkon 2024 hukumomi a wasu manyan birane suka umarci gidajen wanka da wuraren wankin mota su riƙa rufewa kwana uku a mako. Muka mayar da bokitinmu, jiki a sanyaye.

Daga nan muka bi ta Risani, inda kufan Sijilmasa yake. Daga wannan birni ne Ibn Battuta ya bi ayarin raƙuma zuwa Mali a 1352, daga baya ya biyo ta Takadda da ke cikin Nijar ta yau. Da la'asar muka isa Marzuga, muka yi zango a gindin tudun yashin Erg Shabbi, nesa da turakun lantarki.

Daren nan iska ta taso. Da gari ya waye motar ta koma ja. Mun gaji, muka ce a bari sai gobe, muka tafi hawan tudu. Ba wanda ya tuna da rufi. Da magariba sai na'urar batir ta fara ƙara. Mota a tsaye take tun jiya, faifan sola ne kaɗai ke caja batir, kuma yashi ya lulluɓe shi yini guda. Firiji yana gab da mutuwa, a cikinsa kuwa akwai allurar insulin ta Kawu, domin yana da ciwon suga, kuma zafi yana lalata maganin.

Kawu ya tayar da inji na ɗan lokaci don batir ya farfaɗo, muka kashe fitilu muka cire wayoyinmu daga caji. Ruwan da ya rage a tanki bai fi lita 30 ba, ga mutum shida, ga sha da girki da alwala. Bayan sallar asuba muka zauna muka yi lissafi, muka ware lita uku kacal. Ɗayanmu ya hau tsani ya yayyafa wa faifan ruwa a hankali har yashin ya gangara, sannan ya bi shi da jiƙaƙƙen tsumma. Da abin da ya saura muka wanke gilashin gaba da madubai da fitilu da lambar mota. Sauran jikin muka bar shi da ƙurarsa. Kafin hantsi, allon na'urar ya nuna batir yana cika.

Sai da muka dawo Warzazat muka kai ta wurin wankin mota. Ko a can Kawu tsayawa ya yi a kan mai wankin, yana gargaɗinsa kada ya saita ruwa mai ƙarfi a kan robar tagogi da mahaɗar rufi, don kada ruwa ya riƙa yoyo ciki. Ya kuma sa aka wanke ƙarƙashinta.

Ƙannenmu ɗalibai, da yawanku akwai faifan sola a gidajenku ko makarantunku. In hunturu ya kama, ku nemi izinin babba a duba shi da sassafe, kafin ya ɗauki zafi. Tagar nan da muka karce kuwa har yau tana nan da zanenta, kuma duk ranar da muka ziyarci Kawu sai ya nuna mana ita yana murmushi.