Akwatin Baba: Me Za Mu Ajiye wa Ranchers Bees?

Mu uku ne, sa'o'in juna, tun muna 'yan firamare a Badarawa muke tare. Yau dukkanmu rubuta manhaja ce sana'armu. Mu wuni gaban kwamfuta, da daddare mu haɗu a teburin mai shayi mu yi ta musun ƙwallo. Wani daren Asabar, mun fito daga gidan kallo muna ta ɗaga murya a kan Arsenal da Chelsea, sai wani dattijo da ke zaune a ƙarshen benci, wanda duk layin ke ce wa Baba, ya ajiye kofin shayinsa ya ce:

"Samari, in tambaye ku mana. Wace ƙungiya Ranchers Bees ta doke ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma?"

Muka yi tsuru-tsuru. Mu da za mu lissafo maka 'yan wasan Arsenal na kakar 2003/2004, waɗanda ba a doke su ba a gasar Firimiya, tun daga gola har 'yan benci, ga shi an tambaye mu labarin gida mun kasa. Baba ya yi murmushi ya ce, "ASEC ce ta Abidjan, a 1989. Ba laifinku ba ne, 'ya'yana. Ba wanda ya ajiye muku."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana mu barci.

Washegari muka shiga tono. Ƙungiyar ta yi suna ne da farko a matsayin DIC Bees, ta masana'antar ƙera makamai da ke Kakuri, kafin marigayi Alhaji Mukhtar Aruwa ya karɓe ta, ta koma Ranchers Bees. Shi ya sa ake ce musu Aruwa Boys. Ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa a 1983 da 1987. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin Afirka masu riƙe da kofin ƙalubale, inda CA Bizertin ta Tunisiya ta tafi da kofin da ƙwallo ɗaya tilo a wasanni biyu. Shekara na zagayowa ta ɗauko kofin WAFU. A cikinta Clemens Westerhof ya hango Daniel Amokachi, ya tafi da shi gasar kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya yana ɗan shekara 17, daga nan sai Club Brugge, sai Everton.

Muka dubi juna. A garinmu aka yi duk wannan, amma mun taso ba mu taɓa shiga wani ɗaki aka nuna mana ko da takalmi ɗaya aka ce na waɗannan mutane ne ba.

Ɗayanmu ya tuna mana yadda Amurkawa suke yi da besbol, wasan nan nasu na dukan ƙwallo da sanda. A wani ƙaramin gari mai suna Cooperstown a jihar New York suna da zauren gwarzaye haɗe da gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1939, bayan an zaɓi mutum biyar na farko a 1936, cikinsu har da Babe Ruth. Ƙungiyoyi irin su Cincinnati Reds da St. Louis Cardinals kowace tana da nata. Muka ce to, gini ya fi ƙarfinmu, amma shafin intanet ai aikinmu ne. Bari mu gina wa Ranchers Bees gidan tarihi a waya.

Kamar yadda aka koya mana a jami'a, kafin ka rubuta komai sai ka tsara rumbun bayanai. Muka zana jadawali mai gurbi biyar: suna, shekarun da ya yi a ƙungiya, yawan wasanni, yawan ƙwallaye, kofuna. Muka sa manhajar kada ta karɓi mutum sai an cike kowane gurbi. Muka kuma rubuta kayan da za mu nemi hotunansu: kofi, lambobin yabo, jesi, takalman fitattun 'yan wasa. A ganinmu mun gama tunani. Muka ɗauki kwamfuta muka nufi gidan Baba don mu burge shi.

Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya saurare mu har muka kai aya. Sai ya shiga ciki ya fito da akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, duk ya yi tsatsa a kusurwoyi. Baba ya yi shekaru yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma da albashin masaƙa ya riƙa sayen tikitin kallon ƙwallo. A cikin akwatin akwai tikitoci ɗaure da roba, da yankakkun shafukan jaridar New Nigerian da suka koma ruwan ƙasa, da ƙaramar rediyo wadda a cikinta yake jin sakamako idan ƙungiya ta yi tafiya, da makaɗin kalangu, da hoto guda: magoya baya goma sha tara tsaye a gaban wata bas.

Ya ɗaga makaɗin ya ce, "To, a jadawalin nan naku, ina gurbin mai kalangu? Bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba, amma in ya yi shiru fili mutuwa yake yi. Ina gurbin direban bas ɗin nan? Ina na wanda ke wanke jesi? Ina na matar da ke sayar mana da ƙosai a bakin ƙofa, wadda in ba ka da kuɗi take ce maka sai mako mai zuwa?"

Ba mu da amsa. Manhajar da muka rubuta da hannunmu za ta kori duk mutanen nan, saboda ba su da ƙwallaye. Masu aikinmu sun san cewa duk abin da ba ka ba shi gurbi a rumbun bayanai ba, kamar ba a taɓa yin sa ba ne. Ba za a nemo shi ba, ba za a ƙirga shi ba. Ashe mun zo ceton tarihi ne da kayan da zai binne rabinsa.

Daga nan musu ya ɓarke a tsakaninmu, ya ɗauki makonni. Musu na farko a kan 1988 ne. Ɗayanmu ya kafe cewa gidan tarihin ƙungiya wurin alfahari ne, ba a kai baƙo ɗakin da rufinsa ke yoyo. A fara da kofin 1989, a ambaci Tunisiya a layi ɗaya a wuce. Da muka kai wa Baba, sai ya zaro yankin jaridar da ke ɗauke da labarin rashin nasarar. Shi kaɗai ne a cikin akwatin aka naɗe a leda. Ya ce kwana biyu bai iya cin abinci ba, a masaƙa ma ba mai yi wa wani magana. "Wanda bai ɗanɗani 1988 ba," in ji shi, "bai san daɗin 1989 ba. Shi kofi kawai yake gani."

Su ma masu besbol ba daɗi kaɗai suke ajiyewa ba. Ƙwallon da Barry Bonds ya buga a 2007 ya karya babban tarihin wasan tana Cooperstown, ɗauke da tambarin da wanda ya saye ta ya sa aka yi mata, don nuna zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari da ya dabaibaye bajintar. Ba su ɓoye ta ba. Sun ajiye ta tare da rigimarta, mai kallo ya yi wa kansa hukunci. Gidan tarihin da ya cire faɗuwa da rigima ya zama allon talla.

Musu na biyu a kan iyaka ne. Rashidi Yekini haifaffen Kaduna ne, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya, a ragar Bulgariya a 1994, amma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara, ba a Bees ba. Ya shiga ko kada ya shiga? Haka Tijjani Babangida da Garba Lawal da 'yan'uwan nan biyu, Celestine da Emmanuel Babayaro. Su huɗu da Amokachi duk haifaffun Kaduna ne, duk suna cikin tawagar da ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. A wasan ƙarshe da aka doke Ajantina da ci 3 da 2, Celestine Babayaro da Amokachi ne suka ci biyu daga cikin ukun. A ƙa'idar kwamfuta amsar mai sauƙi ce: wanda bai sa jesin ƙungiya ba, ba ya cikin jadawalinta. Amma ƙungiya ba daga sama take faɗowa ba. Ƙasar da ta tsiro da Bees ita ce ta masana'antu masu ɗaukar nauyin ƙwallo, da filayen makarantu, da yaran unguwa masu buga ta ba takalmi. Muka daidaita a kan cewa zauren gwarzaye na 'yan ƙungiya ne, amma kafin ka isa zauren sai ka ratsa ta ɗakin da ke nuna garin da ya haife su.

Musu na uku ba mu yi shi da baki ba, da sakaci muka yi shi.

Ranar da muka fara ganin hoton nan, mun kunna waya muna naɗar muryar Baba. Ya riƙa ɗora yatsa a kan kowace fuska yana faɗin suna, da sana'a, da unguwa: wannan na Kwaru ne, wannan na Unguwar Dosa, wannan tela ne a Kawo. Ya kai mutum na goma sha ɗaya aka kira sallar magariba. Muka ce ma dawo. Sai aiki ya taso, wa'adin miƙa wata manhaja ya matso, muka shiga gardamar launin shafi da irin rubutun da ya fi kyau a waya. Duk lokacin da muka haɗu da shi wurin mai shayi sai ya ce, "Samari, akwatin na nan fa." Mu ce, "Insha Allahu Baba, ƙarshen mako." Ƙarshen mako ya yi ta zuwa yana wucewa har damina ta faɗi. Wata safiya muka ji sanarwar jana'iza a masallacin unguwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Bayan sadakar bakwai, babbar 'yarsa ta aiko a kira mu. Ta turo mana akwatin ta ce, "Ya ce in ba ku, ku ne za ku san abin da za ku yi da shi." Muka ce, "Mun gode, Yaya," kanmu a sunkuye. Abin da muke da shi na muryarsa minti goma sha huɗu ne. Mutum takwas na cikin hoton sun tafi da sunayensu.

Mu da kullum muke yi wa mutane wa'azin su riƙa ajiye kwafin bayanansu a wuri biyu, mun bar kwafi ɗaya tilo yana yawo a kan ƙafafun dattijo mai hawan jini. A nan muka gane cewa kofi ƙarfe ne, zai jira. Jaridu ma in an yi sa'a za a tarar da su a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna ko a Arewa House. Abin da ba ya jira shi ne wanda ya gani da idonsa.

Amurkawa sun sha irin wannan wuya. Shekaru da dama baƙaƙen fata ba su da damar shiga manyan gasanninsu na besbol, sai suka yi nasu. Sai a 2020 aka amince cewa gasannin nasu na 1920 zuwa 1948 manya ne, sai a 2024 aka haɗe alƙalumansu da na kowa, har Josh Gibson ya hau saman wani jadawalin da a da babu sunansa a ciki. Masu bincike ne suka bi tsofaffin jaridu wasa bayan wasa suka tattaro. Amma lokacin da aka yi gyaran, yawancin masu abin sun riga mu gidan gaskiya. Mu namu da yawa suna nan da rai, a kan bencin masu shayi, a shagunan teloli, a sahun gaba na masallatai da majami'u.

Yanzu mun rushe jadawalin mun sake shi. Gurbin ƙwallaye ba dole ba ne. Mun ƙara wani mai suna "me ya yi wa ƙungiya", da wani mai suna "wa ya ba da labarin". In ka tambaye mu abin da ya dace ya shiga gidan tarihin Ranchers Bees, ko na Kaduna United da ta ci kofin ƙalubale a 2010, ko na ƙungiyar unguwarku da ba ta taɓa shiga jarida ba, ga amsarmu. Kofi ya shiga, amma kusa da shi a ajiye labarin ranar da aka rasa shi. Takalmin gwarzo ya shiga, tare da makaɗin kalangu da rediyon da aka kasa kunne a kanta. Tikiti ya shiga da kuɗin da ke jikinsa, a kuma rubuta albashin wanda ya saya, don yaro ya san abin da aka sadaukar. Muryoyi su shiga yadda aka faɗe su, ko da biyu sun saɓa wa juna. Hoton Baba kuma shi zai zama na farko da mai shiga zai gani, sunaye goma sha ɗaya a ƙasansa da gurabe takwas a buɗe, ko Allah zai sa wani ya ce, "Wannan ai kakana ne."

Kai mai karatu, wayar da ke hannunka tana naɗar murya. In akwai wani a gidanku ko a layinku da ya kalli ƙwallo a filin wasa na Ahmadu Bello ko a filin Ranchers Bees a waɗancan shekaru, ka sayo masa shayi ka zauna. Ka tambaye shi yadda ake zuwa fili, da wa yake zuwa, me ake ci a hanya, wace rana ce ta fi yi masa ciwo. In yana da hoto, ya faɗa maka sunan kowa, daga dama zuwa hagu. In an kira salla ku je ku yi, ku dawo ku ƙarasa a daren.