DAGA IBI ZUWA JALINGO: TAFIYAR YINI GUDA TA RUWA DA KEKE DA ƘAFA

Jalingo gari ne da aka kafa a kan nasara. A shekarar 1893 ne Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mai da sansaninsa na yaƙi mazauninsa, bayan ya rinjayi mutanen Kona, kuma sunan garin kansa daga kalmar Fulatanci ta rinjaye ya samo asali. Tun ranar 27 ga Agusta 1991, sa'ad da aka yanki Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, shi ne babban birnin jihar. Duwatsu na tsaye a gefensa, Mayo Gwoi da Lamurde kuma suna ratsa shi, da damina su cika su batse, da rani su koma yashi.

Wanda ya fita daga Jalingo ya nufi kudu maso yamma, zai yi tafiyar kimanin kilomita 200 kafin ya isa Wukari. Daga can zuwa Ibi, a bakin Kogin Binuwai, ba a cika kilomita 40 ba. Matafiyi a mota yakan sauka yana kukan ciwon baya. To, amma akwai waɗansu mutane a duniya waɗanda ke cinye kwatankwacin wannan nisa cikin yini guda da ƙarfin jikinsu kaɗai, kuma mafi yawansu ba wasa ne sana'arsu ba. Malamai ne, da akawuna, da ma'aikatan jinya, waɗanda ke biyan kuɗin shiga daga aljihunsu domin su sha wuya. Ba a yin wannan gasa a kan hanyar Ibi zuwa Jalingo. Sai dai idan aka shimfiɗa ta a kan hanyar, mai karatu zai san nauyinta, zai kuma ga Taraba da wani ido dabam.

GARDAMAR DA TA HAIFI GASA

Gasar ita ce tsere uku a jere, watau iyo, da tseren keke, da gudun famfalaki, ba tare da an huta a tsakani ba. Mafi tsawon da aka fi sani shi ne wanda ake kira Ironman, ma'ana mutumin ƙarfe. Iyonsa kilomita 3.8 ne, kekensa kilomita 180, gudunsa kuwa kilomita 42.2. Jimla kilomita 226 ke nan, kuma bisa al'ada awa 17 ake bai wa mutum ya gama.

Asalin abin gardama ce. A wani tsibiri na jihar Hawaii ta ƙasar Amurka an yi ta musu a kan wa ya fi juriya tsakanin mai iyo da mai gudu da mai keke. Sai wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy, suka ce a haɗa manyan tsere uku na tsibirin a yi su rana ɗaya, kowa ya ga iyakarsa. Ranar 18 ga Fabrairu 1978 mutum 15 suka shiga ruwa, 12 suka kai ƙarshe. Wanda ya zo na ɗaya, Gordon Haller, direban tasi ne a lokacin, kuma ya gama cikin awa 11 da minti 46. A shekarar 2000 aka shigar da gajeren nau'in wasan cikin gasar Olamfik a birnin Sidni, a nahiyar Afirka kuma ƙasar Afirka ta Kudu ta daɗe tana shirya dogon nau'in.

RUWAN IBI

To, a ƙaddara wani malamin makarantar firamare ne a Jalingo ya ɗaura niyya. Ya shafe wata shida ko fiye yana tashi tun kafin assalatu yana gudu, yana komawa aji, ranar Asabar kuma ya yini a kan sirdin keke. A ƙaddara kuma ga shi yau tsaye a Ibi da ƙarfe bakwai na safe.

Ibi tsohuwar tashar jiragen ruwa ce. Kamfanin Royal Niger ya yi zama a nan tun kafin a haɗa Nijeriya, kuma shekara da shekaru da jirgi da kwalekwale ake haye Binuwai daga garin. Kusa da shi akwai tafkin Nwonyo, inda ake bikin kamun kifi wanda aka farfaɗo da shi a 2024 bayan dogon hutu. A wurin bikin akan yi tseren kwalekwale da gasar iyo, kamar yadda ake kabanci a Argungu. Saboda haka ruwa ba baƙo ba ne ga mutanen wannan wuri. Ɗan masunci yakan iya iyo tun bai iya ɗaura wando ba.

Amma iyon su dabam, iyon tsere dabam. Masunci yana nutso ya taso, ya kama gora ko gefen jirgi ya numfasa. Mai gasa kuwa ba shi da abin kamawa. Awa biyu da minti 20 aka ba shi ya gama, cikin cunkoso, wannan ya harbe shi da ƙafa, wancan ya doke shi da gwiwar hannu. Ruwan kogi ba shi da haske, mutum ba ya ganin ko tafin hannunsa. Abin da ke kayar da sabon shiga a nan ba gajiya ba ce, firgita ce: numfashi ya sarƙe, zuciya ta shiga bugawa, ya ji kamar ƙirjinsa zai tsage. Maganinta shi ne ya sassauta, ya ƙirga bugun hannunsa, ya riƙa ɗaga kai yana duban alama, domin wanda ya karkace daga layi ya ƙara wa kansa nisa. Sa'ad da ya taka tudu jiri na ɗibarsa, alhali ko kashi biyu cikin ɗari na tafiyar bai yi ba.

KEKE DAGA WUKARI ZUWA MUTUM BIYU

Daga nan sai keke. Zangon farko shi ne Wukari, mazaunin Aku Uka, sarkin Jukunawa, magajin daular Kwararrafa wadda tarihin Kano bai manta da yaƙe-yaƙenta ba. Daga Wukari hanya ta miƙe ta nufi arewa maso gabas cikin ƙasa mai albarka. Za a haye Kogin Donga, a wuce gonakin doya da shinkafa da masara, a iso Tella a bakin Kogin Taraba, wanda jihar ta ci sunansa, inda ƙanshin bandar kifi ke tarbar baƙo. Akwai kuma Ɗan Anaca, kasuwar doyar da manyan motoci ke lodi zuwa sassan ƙasar nan, sa'an nan Mutum Biyu, hedkwatar ƙaramar hukumar Gassol.

A wannan zango ne ake cin gasar ko a faɗi, ko da yake ba a gane haka sai daga baya. Jikin ɗan Adam yana da rumbun abincin gaggawa a tsoka da hanta, wanda ba ya wuce awa biyu ana aiki mai tsanani, tafiyar kuwa ta yini ce. Dole mai tsere ya riƙa ci yana kan feda, kaɗan-kaɗan, tun yunwa ba ta zo ba: ayaba, ko dabino, ko ruwan sukari. Dole kuma ya sha, domin a rana mai zafi mutum na iya zubar da gumi lita guda ko fiye a kowace awa. Kuma gumi ba ruwa ne zalla ba, da gishiri yake fita. Wanda ya ɗirki ruwa tsantsa ba gishiri, jininsa na iya tsinkewa har hankalinsa ya gushe. A kwarin Binuwai, inda zafin Maris da Afrilu kan kai awo 40, wannan magana ta rai da mutuwa ce, shi ya sa mai hankali zai zaɓi lokacin hunturu.

Wajen azahar wuya ya sage, gindin baya ya ƙage, mazaunai sun yi tsami. Ga kwalta tana huci, ga ramuka, ga tirela ta wuce ta watsa masa ƙura. Idan taya ta yi faci shi ne zai sauka ya gyara, agogo kuwa ba ya jira. Ƙa'ida ita ce ya sauka daga keke kafin awa 10 da rabi da farawa, watau ƙarfe biyar da rabi na yamma. Wanda ya makara da minti ɗaya, sai dai wata shekarar.

Abin lura a nan shi ne, malamin ba shi kaɗai ne mai keke a hanyar ba. Zai wuce manomi da ya ɗaure buhun masara a kariyar tsohon Rali marar giya, da silifa a ƙafarsa, ya taso daga ƙauye tun da duhu. Ba wanda ya taɓa auna wa wannan bawan Allah lokaci, ba kuma wanda ya taɓa tafa masa.

GUDUN DARE

Idan ya rage kilomita 42 a shiga Jalingo, a wajejen Iware mai kasuwar shanu, sai a ajiye keke a kama gudu. Duk wanda ya taɓa yi ya san cewa takun farko kamar da ƙafar aro ake yin sa, domin tsokar da ta yini tana juya feda ba ta yarda ta miƙe nan da nan. Magariba ta yi, duhu ya sauko, ciki ya ƙi karɓar abinci, ƙafa ta yi bororo. Daga nan ba sauran maganar ƙarfi, sai lissafi da haƙuri: a yi gudu zuwa waccan bishiya, a taka zuwa wancan kwalbati.

Tarihin gasar ya nuna abin da ke faruwa a wannan zango. A tseren farko na 1978, John Dunbar ne ke gaba, sai ruwa ya ƙare wa masu rakiyarsa suka ba shi giya, ya kama tangaɗi, Haller ya wuce shi. A Fabrairun 1982 kuma wata ɗaliba mai shekara 23, Julie Moss, wadda ta shiga gasar domin binciken karatunta, ita ce ke gaban mata har ana hango ƙarshe. Sai ƙafafunta suka ƙi. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, Kathleen McCartney ta wuce ta. Da rarrafe ta ƙarasa, daƙiƙa 29 bayan ta ɗaya. Hoton wannan rarrafe da aka nuna a talabijin shi ne ya sanar da duniya wasan. Ba nasarar gwani ce ta jawo jama'a ba, ƙin sallamawar ɗan koyo ne.

Idan malamin ya jure, zai ga fitilun Jalingo daga nesa, ya shigo gari shaguna na rufewa, ya nufi filin wasa na Jolly Nyame kafin ƙarfe goma sha biyu na dare. Ba kuɗi ke jiransa ba. Ranar Litinin zai koma aji yana ɗingishi, da alli a hannunsa.

ABIN DA YA RAGE

Wanda ya bi wannan hanya da idon basira zai ga cewa kowane ɓangare na gasar akwai masu yin sa a Taraba kullum, ba don lambar yabo ba, don neman abinci. Masunci na ruwa, manomi na kan keke, makiyayi da mai tallar nono na tafe a ƙasa tun safe har yamma. Bugu da ƙari, jihar tana da tsaunin Mambila, mai tudun kimanin mita 1,600, irin wurin da gwanayen gudu na Kenya da Habasha ke horo a kansa, domin ƙarancin iska a tudu na ƙara wa jini ƙarfi. Ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya ma, Chappal Waddi mai mita 2,419, a Taraba take.

Ashe ba jijiya ce ta yi ƙaranci ba. Abin da tsere irin wannan ke bukata shi ne hanya mai kyau, da likita a kusa, da ruwan sha a kowane zango, da dare wanda mutum zai ratsa shi kaɗai ba fargaba. Hanyar kuwa ta ga rikicin Tibi da Jukun a yankin Wukari a 2019, ta ga ambaliya ta karya gadar Namnai a 2024, har matafiya suka koma hayewa da jirgi. Abin da zai hana mai tsere wucewa shi ne ke hana mai doya kai kayansa kasuwa, shi ne kuma ke hana mai naƙuda isa asibiti.

Da yake da rarrafe yaro kan tashi, ba sai an fara da kilomita 226 ba. Gajeren nau'in Olamfik, watau iyon kilomita ɗaya da rabi, da keken kilomita 40, da gudun kilomita 10, zai iya shiga cikin shagalin Nwonyo, a yi iyo a tafki, a yi keke a hanyar Wukari. Ran da ɗan masunci da malamin makaranta suka tsaya a layi ɗaya a Ibi, aka kuma wayi gari mutum na iya tasowa daga bakin Binuwai da safe ya shiga Jalingo tsakar dare da ƙafarsa lami lafiya, to, garin ya sake cin sunansa.