Ranar da Tafintan Kwamfutata Ya Ɓace

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Na daɗe da sanin wannan karin magana, har na taɓa kawo shi misali a jarrabawar adabin baka na ci maki, amma ban san nauyinsa ba sai a watan Nuwamba na 2025, sa'ad da ya rage kwana 3 in aika wa malamin da ke duba kundina babi na uku, aka wayi gari kwamfutata ta yanke hulɗa da duniya. Na ga ya kyautu in rubuta abin da ya same ni a wannan mujalla tamu saboda dalili biyu. Na farko, domin ɗan'uwana ɗalibi ya shafa wa gemunsa ruwa. Na biyu kuwa, domin in gabatar wa malamaina wata 'yar tambaya game da harshenmu, wadda na tsinto a bakin titi a Sabon Gari.

Ni mutumin Bomo ne, nan dab da Samaru, kuma daga gida nake zuwa makaranta kullum. Kwamfutar da nake aiki da ita ta hannu ce, kawuna ya sayar da masara ya saya mini ita shekarar da na shiga aji biyu. A gida ba mu da wata hanyar shiga intanet sai wayata. Nakan kunna mata Wi-Fi ta zama kamar 'yar tashar rediyo, kwamfutar ta kama ta ta iska, in aika saƙo ko in sauko da littafi. Kundin nawa a kan kalmomin noma ne a bakin dattawan Bomo. Mun yi maƙwabtaka da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, kuma yau matasanmu sun fi sanin iri da sunayen da cibiyar ta ba su, irin su SAMSORG da SAMMAZ da SAMPEA, fiye da yadda suka san bambancin kaura da farfara. Saboda haka na shafe damina ina zama wurin wani dattijo na unguwarmu, ina ɗaukar muryarsa, yana faɗa mini sunayen dawa da gero, da na ciyayi, da na kowane aiki tun daga sassabe har zuwa sussuka. Na tara hira ta awa 11. Allah Ya yi masa rasuwa kafin a yanke dawa. Duk abin da ya faɗa mini yana cikin kwamfutar nan, domin na share na wayar don in sami wuri, ban kuwa ajiye kwafe a ko'ina ba.

To, ga yadda abin ya faru. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, bayan shekara 10 da fitowarsa. Tun daga lokacin abokai suke ta ce mini in koma Windows 11, wanda ya fito a 2021. Na yi ta jinkiri, sai a makon da bai kamata ba na ga dama. Na sayi datar dare, na bar kwamfutar tana aiki na kwanta. Da asuba bayan na dawo daga masallaci na tarar ta yi sabuwar fuska, komai tsaf, har na yi murmushi. Na kunna Wi-Fi na waya, na kai hannu kusurwar allo inda 'yar alamar nan mai kama da mafici take zama, sai na ga babu ita. A gurbinta akwai hoton duniya da alamar hani a jikinsa.

Abin da kowa kan fara yi shi na yi. Na kashe na kunna har sau 3. Na duba ko na taɓa maɓallin da ke da hoton jirgin sama, wanda kan rufe duk wata hanyar iska, na ga ba a taɓa shi ba. Na zargi wayar, sai ƙanena ya kawo tasa ta kama tawa nan take, watau wayar lafiyarta ƙalau. Sa'an nan na ce bari in nemi magani a intanet ta kwamfutar, sai na tuna intanet ɗin ne babu. Abin ya zama kamar wanda ya kulle ɗaki ya bar mabuɗi a ciki. Inna ta leƙo ta ga na yi tagumi, ta ce, "Kai kuwa lafiya? Ko abin naka ya ƙone ne?" Na ce, "Bai ƙone ba, Inna, magana ce ya daina." Ta ce, "To, ka kai shi wurin masu shi mana."

Na saka ta a jaka na fito Samaru, na hau bas, muka bi ta Kwangila har PZ, inda masu gyaran waya da kwamfuta suke. Shagon da na fara shiga, maigidan bai ɗauki minti 2 yana dubawa ba ya ce, "Malam, wannan sai an yi mata wanka." Na tambaye shi ma'anar wanka, ya ce a share duk abin da ke cikinta a zuba sabon tsari, in kuma hakan bai yi ba, to katin ne ya mutu, sai a sayi wani. Na ce, "Kayan da ke ciki fa?" Ya ce ai wanka ba ya barin komai. Nan gabana ya faɗi. Babi na uku ina iya sake rubuta shi ko da zan kwana ban runtsa ba, amma wa zai tayar mini da dattijon nan ya sake faɗa mini sunayen ciyayi? Na yi godiya na ɗauki jakata na fita.

Ban yi nisa ba sai na ji ana kira, "Yaya! Yaya!" Ashe yaron shagon ne, wanda ba zai wuce shekara 16 ba, an aike shi sayen abinci. Ya ce, "Yaya, kada ka yarda a wanke ta. Na hango allon. Katin bai mutu ba, direba ne babu." Muka zauna a bencin wani mai shayi. Kafin ya taɓa komai sai ya ce in sayo filashi mu kwashe abin da nake tsoron rasawa. Muka kwashe hirar nan duka, na saka filashin a aljihun gaba na riƙe shi da hannu. Sai a lokacin numfashina ya daidaita.

Ga abin da yaron nan ya koya mini, na kuwa rubuta shi bi da bi domin mai karatu ya amfana. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan kati, bai fi kan sarki girma ba sosai, shi ne ke aikawa da karɓar saƙo ta iska. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ba ta iya yi masa magana kai tsaye, sai ta hanyar wata ƙaramar manhaja da aka rubuta musamman domin irin wannan katin. Ita ce ake kira direba. Idan aka sabunta babbar manhaja, wani lokaci tsohon direba ba ya dacewa da sabon tsari, sai a bar shi a baya, katin ya zauna zuru.

Ya danna maɓallin dama a kan tambarin Windows, ya buɗe wurin da ake jera dukkan kayan da ke jikin kwamfuta, watau manajan na'urori. A rukunin kayan sadarwa babu sunan katin. Amma can ƙasa, a rukunin na'urorin da ba a tantance ba, ga wani abu da alamar alwatika rawaya da ɗigon motsin rai a tsakiyarta. Ya nuna da yatsa ya ce, "Ka gan shi nan. Tana ganinsa, sunansa ne ba ta sani ba. Da ya mutu, ko ya kwance daga mazauninsa, da ba za ka gan shi a nan ba sam." Daga nan ya buɗe bayanan abin, ya nuna mini lambar shaidarsa. Akwai haruffa VEN da alamomi 4 a bayansu, su ne ke nuna kamfanin da ya ƙera katin, sai DEV da wasu 4, su ne ke nuna samfurinsa. Ya ce 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14E4 na Broadcom, 168C kuwa na Atheros. Ya haddace su kamar yadda muka haddace baƙaƙe da wasula. Na kwafe tawa a bayan katin jarrabawa.

Saura mabuɗin da ke cikin ɗaki. Na ce, "To, yaya za mu sauko da direban alhali babu intanet?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, in iska ta ƙi, ai akwai igiya." Ya karɓi wayata ya haɗa ta da kwamfutar da kebul, domin a raba intanet ta waya maimakon ta iska, kuma direban wannan hanya yana zuwa ne tare da babbar manhajar. Muka jira, shiru. Ya zare kebul ɗina ya jujjuya shi ya ce wannan na caji ne kawai, ba ya ɗaukar saƙo. Ya ciro nasa daga aljihu, muka sake haɗawa, ya shiga saitin wayar ya kunna rabon intanet ta kebul. Nan da nan hoton duniyar nan ya kau. Muka shiga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, muka rubuta lambar samfurinta da ke manne a ƙarƙashinta, muka zaɓi direban da ya yi daidai da lambar da na kwafa. Ya gargaɗe ni da kada in kuskura in sauko da direba daga shafukan nan masu alkawarin gyara komai kyauta, domin sau da yawa ƙwayar cuta suke cusa wa mutum. Muka girka, muka kashe muka kunna. Sai ga maficin nan ya dawo kusurwarsa, ga sunayen wayoyin mutanen PZ sun jeru reras.

Kafin mu rabu ya ƙara mini da abu biyu. Ya ce da wannan bai yi ba, akwai damar komawa tsohon tsari cikin kwana 10 da sabuntawa, ba tare da an rasa kaya ba. In ma katin ya mutu da gaske, akwai ɗan ƙaramin da ake sokawa a gefe ya yi aikinsa. Duk cikinsu babu mai bukatar wanka. Na ba shi abin da ya sawwaƙa, ya karɓa da hannu biyu, ya ruga don kada maigidansa ya ga ya daɗe. Daren ranar na aika babi na uku daga ɗakina a Bomo.

Yanzu ga tambayar da na ce zan yi wa malamaina. A cikin bas ina komawa na yi ta juya kalmar nan direba. Bahaushe ya are ta tun zuwan mota, ya kuma san ta da ma'anar mai tuƙi. Amma abin da yaron nan ya bayyana mini bai yi kama da tuƙi ba. Ya fi kama da zaman Razdan da Sarki a zamanin Turawa: ga su nan su biyu, kowa lafiyarsa lau, kowa da bakinsa, amma in babu mutum na uku a tsakani sai kallon kallo. Wannan na ukun shi ne tafinta, kalmar da ita ma daga Ingilishi muka aro ta, ta kuwa zauna daram har ba a jin baƙuntarta. Da na gaya wa Inna cewa tafintan kwamfutar ne ya ɓace aka samo wani, ba ta nemi ƙarin bayani ba. Da direba na ce mata, da sai ta tambaye ni ina motar. Shin ba zai kyautu mu gwada wannan kalma a rubuce-rubucenmu ba? Mun ga yadda manhaja, wadda a da ba ta wuce tsarin karatun makaranta ba, ta faɗaɗa ta ɗauki sabon kaya ba tare da ta karye ba.

Magabatanmu sun yi aiki babba a wannan fage. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Abin da na lura da shi a bencin mai shayi shi ne, yaron nan ya yi mini darasi na kusan awa guda a kan na'ura, da Hausa tsantsa in ban da 'yan kalmomi ƙalilan. Ya ce wanka, ya ce tana gani, ya ce ta ɗauka, ya ce ya zauna. Babu kwamitin da ya ba shi waɗannan kalmomi. Bukata ce ta sa shi da abokan sana'arsa suka ƙera su, masu kawo gyara kuma suna fahimta. Na tafi Bomo da rikoda ina ceton kalmomin da ke shirin bin dattawa kabari, ashe a Sabon Gari ana haihuwar wasu kullum, ba mai rubuta su. Ina ganin ɗalibin da ke neman batun kundi a bana zai yi wa Hausa hidima in ya ɗauki littafinsa ya zauna a PZ wata guda, ya saurari masu gyara yadda na saurari manoma.

Hirar dattijon nan yanzu tana wuri 3: a kwamfuta, a filashi, da kuma wurin malamina. Duk wanda ke shirin sabunta tasa kwamfutar, ina roƙonsa ya fara kwashe abin da ba ya iya sake samu, ya sauko da tafintan katinsa ya ajiye, ya kuma zaɓi makon da babu wanda ke jiran aikinsa. Allah Ya jiƙan dattijon da ya ba ni kalmominsa, Ya yi wa yaron da ya cece su albarka, amin.