Gombe: Inda ɗan gari da baƙo ke shan ruwa da moɗa ɗaya

Mai karatu, idan ka nufo Gombe ta hanyar Biu, sai ka ratsa Dadin Kowa, inda aka datse kogin Gongola. Daga wannan madatsa ake turo wa birnin ruwan famfo. Ta wannan hanya ce kuma dubban mutane suka shigo a 2014, bayan rikicin Boko Haram ya tashe su daga Damboa da wasu garuruwan kudancin Borno.

Kada ka wahalar da kanka neman jerin tantuna. Galibin bayin Allahn nan cikin unguwanni suka bazu, wasu a gidan dangi, wasu a ɗakin haya. Zaga wajen Bolari ko Pantami, za ka ji Barbarci da Baburanci a bakin famfo, tare da Hausa da Fulatanci. Gidan da aka gina wa iyali ɗaya sai ka tarar iyalai da dama ke bin masai guda, ruwan kuma sai an saya wurin 'yan garuwa idan famfo ya ɗauke.

Daga nan ka leƙa makarantar firamare lokacin tara. Ɗan gari da ɗan gudun hijira benci ɗaya suke zama, moɗa ɗaya suke shan ruwa, hannu ɗaya suke cin ƙosai. Amai da gudawa ba ya tambayar asalin kowa, musamman da damina, lokacin da ruwa ke kwaso ƙazanta daga kwaruruwan da zaizaya ta haƙa a tsakiyar gari.

Maganin bai fi ƙarfin kowa ba: jarka mai ƙaramin huji a rataye kusa da masai, da sabulu a ɗaure da igiya. Yaro ya cuɗa hannu na daƙiƙa 20 bayan ya fito bayan gida, da kuma kafin cin abinci. Idan gudawa ta kama shi, a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, ana ba shi har a isa asibiti.

Abin da yaro ya koya a aji, shi zai kai wa uwarsa da ƙannensa. Kafin 15 ga Oktoba, Ranar Wanke Hannu ta Duniya, ka je makarantar ɗanka ka duba: akwai ruwa da sabulu a ƙofar masai? In babu, ka ɗaga maganar a taron iyaye da malamai, ka fara kai sabulun.