Aikin Laka a Gidan Tarihin Jos

Ta Pambeguwa da Saminaka muka bi, kuma tun kafin Jengre sanyin Filato ya sa kowa a mota ya ja gilashi. Washegari da hantsi na nufi Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 ƙarƙashin kulawar Bernard Fagg, daura da gidan namun daji.

Kawunan Nok ne suka kawo ni. Masu haƙar kuza suka fara tono irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. Wani kan da aka samu a yankin Jama'a ma sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya zo hannun Fagg. Na sha ganin hotunansu, amma gani ya kori ji. Gasasshen yumɓu ne, cikinsa holoƙo, an tayar da shi zobe bisa zobe yadda mai tukwane ke tayar da randa. An huda ƙwayar ido, da hanci, da baki. Masana sun ce hujin yana fitar da iska lokacin gashi don kada kan ya fashe, amma maginin bai tsaya a nan ba, ya mai da hujin ya zama kallo. Ga kitso tsaf, ga duwatsun wuya jere da jere. Mutumin da ya zauna ya zana kowane layin gashi shekaru sama da 2,000 da suka wuce, ba mai neman tuwon dare kawai ba ne; gwani ne da ya san darajar hannunsa.

Rumfar tukwane na ratsa ta da sauri, duk da tuluna da randunan da aka tattaro daga sassan ƙasar nan.

Inda na daɗe shi ne filin gine-ginen gargajiya, aikin da Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya tsara. Akwai kwafin ganuwar Kano, akwai na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. "Malam, shiga ciki ka ɗaga kai," in ji jagorana. Na ɗaga. Bakan gizo ya tashi daga ginshiƙai masu kauri ya haɗe a sama, ba ƙarfe ba siminti, sai tubali da azara da lissafi. Tun da wani sashe na ainihin masallacin ya rufta a 2023, har aka rasa rayuka, wannan kwafi ya ƙara nauyi a idona.

Yana damuna yadda muke kallon ginin ƙasa a matsayin alamar talauci, muna rushe soraye muna dasa bulo. Daga Jos, unguwar Babban Gwani na nufa a birnin Zazzau, don in tambayi zuriyarsa ko akwai yaran da ake koya wa ɗaurin azara.