Ƙullutun da Ba Ya Zafi

Mu da muke aikin jinya a ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, mun san lokacin da masu ciwon daji sukan zo wurinmu. Sai an gama girbi, an sayar da auduga da masara. Kafin nan, ƙullutun da mace ta ji a nononta tun lokacin shuka ya girma, wani lokaci har ya fashe. In mun tambaye ta, takan ce, "Ai ba ya zafi." To, wannan shi ne abin da ya fi ba mu tsoro, gama sau da yawa daji yakan soma ba tare da zafi ba.

Akwai waɗansu alamu kuma. Mace ta ga jini bayan ta daina haila. Gyambo ya ƙi warkewa. Dattijo yana fitsarin jini, ya ce tsargiyar yarinta ce, alhali tsargiyar da ta daɗe takan jawo dajin mafitsara. Magidanci yana ramewa, cikinsa na kumbura ta gefen dama. Gyaɗa da masara da suka yi funfuna a rumbu suna ɓata hanta, balle ga mai ciwon hanta tun dā.

Wuyar aikin ita ce faɗa. Ba mu cewa "daji ne," domin sai an ɗebi ɗan nama an auna kafin a tabbata. Amma ba mu cewa "ba kome" don a ji daɗi. Mukan zaunar da ita, mu tambayi wanda take so ya ji tare da ita, sa'an nan mu ce, "Inna, wannan ƙullutu bai kwanta mana a rai ba. Muna so ki je asibitin koyarwa na Shika cikin makon nan, kada a jira kaka." Shika kuwa tana bisa hanyar Zariya, mota guda ce daga Funtuwa.

Nan take wani cikin dangi yakan ce daji ba ya son allura. Ba mu yi masa dariya. Ya ga waɗanda aka kai a makare suka rasu, sai ya ɗora wa allura laifin. Mukan bayyana masa haka a hankali, mu roƙe shi kada a kai wa wanzami ya tsaga.

Tun 2023 Nijeriya ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin dajin bakin mahaifa kyauta. Iyaye, ku tambaya a asibitin da ke kusa da ku.