Wasiƙa daga Arewacin Wales

Yaya,

Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ruwan sama da ba ya sallama. Saƙonka ya iso, har da hoton takardar da makarantar yaranka ta aiko, cewa duk yaron da aka ji yana Hausa a harabar makaranta za a ci shi tara. Ka ce in ba ka shawara tunda ni ce a ƙasar Turawa. Na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

A gida, duk wanda ya zo Birtaniya ana cewa ya tafi Ingila. Nan Gwynedd, a arewa maso yammacin Wales, kusan mutum biyu cikin uku suna jin harshensu na gado, Welshanci. Harshe ne mai zaman kansa, Bature ɗan Landan ba ya tsintar komai a cikinsa. A garin Caernarfon da shi ake ciniki, da shi ake yi wa yaro tsawa. Allunan hanya da takardun asibiti duk harshe biyu ne, nasu a sama.

A gidan kula da tsofaffi inda nake aiki na fara gane nauyin abin. Akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa. 'Ya'yanta sun ce da can Turanci a bakinta ba a magana, amma yanzu ya zube, sai harshen goyo ya rage mata. In na kawo mata shayi ina lallashi da Turanci, sai ta kau da kai, ta damƙe bakin bargo da hannu biyu. Abokiyar aikina 'yar garin takan durƙusa a gabanta, ta faɗi 'yan kalmomi a hankali, sai ka ga yatsun sun saki, ta buɗe baki ta sha. Tun 2012 gwamnatin Wales ta fito da tsari cewa ma'aikacin lafiya ne zai fara yi wa majiyyaci tayin harshensa, ba a jira sai ya roƙa. Dalilin da ya sa ke nan nake zuwa ajin yamma ina karya harshe, da girmana.

A ajin ne malamarmu ta kawo mana wani ɗan katako mai igiya, an sassaƙa haruffa biyu a jikinsa, W da N. A ƙarni na 19, yaron da aka ji yana Welshanci a wasu makarantu, shi ake rataya wa a wuya. Ba ya rabuwa da shi sai ya ji wani ya yi, ya tona shi, katakon ya koma can. Wanda aka tashi yana wuyansa shi ke shan bulala. Yaya, gabana ya faɗi, don na tuna monita da takardar masu banakula a firamarenmu, da yadda muka riƙa kasa kunne a kan juna. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ta ce ba doka ba ce daga Landan. Malamai ne 'yan ƙasa suke yi, kuma iyaye da yawa suna so, don sun ga aikin albashi yana bayan Turanci. Ba mugunta ba ce, son 'ya'ya ne, irin wanda ya sa ka kai naka makarantar kuɗi.

Ga inda abin ya kai su, tare da wasu dalilai kamar ƙaura da masana'antu. A ƙidayar 1901 rabin mutanen Wales suna jin harshen. A ta 2021 saura 538,300, ƙasa da kashi 18 cikin ɗari. Dawo da shi kuwa da gumi ake yi. A 1980 sai da wani dattijon ɗan siyasa, Gwynfor Evans, ya ce zai daina cin abinci har mutuwa, kafin gwamnatin Thatcher ta cika alkawarin tashar talabijin ta Welshanci, wadda aka buɗe a 1982. Yanzu burinsu mutum miliyan ɗaya nan da 2050, kuma duk da kuɗin da ake zubawa, ƙidayar baya ta nuna raguwa aka yi.

Na san abin da za ka ce: Hausa ba ta cikin wannan hali, daga Agadas har Kumasi ana cin kasuwa da ita. Gaskiya ne, ba na tsoron ta mutu. Tsorona yaron da za a koya wa cewa harshen da Inna ke sa masa albarka da shi laifi ne da ake biyan kuɗi a kansa. Irinsa zai girma yana hira da Hausa, amma ba zai iya bayanin rabawa ko zagayawar jini da ita ba, Turancin kuma hadda ce kawai. Mu ma an gwada koyarwa da harshen uwa a gida. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ife, aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarabanci, Turanci yana darasi guda, kuma ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin.

Kada ka ɗauka komai na nan ya burge ni. Gaisuwarsu guntuwa ce, ba a tambayar gida balle gajiya. Yaro ya kira sa'ar kakarsa da sunanta gatsal, ba kara. Tsohuwar nan da suke girmama harshenta haka, sai a yi sati ba wanda ya leƙo ta. Wannan har gobe ban saba da shi ba, kuma ba na fatan in saba.

'Yata, takwarar Inna, ita ma ta shiga cikin maganar harshen. Da muka zo, sai da ta yi zango guda a cibiyar da ake koya wa baƙin yara harshen, kafin ta koma aji, don yawancin firamaren nan da Welshanci ake karatu. Yanzu ita ce tafintata a wurin maƙwabta, Turancinta kuma bai ragu da komai ba. Hausar ce ke neman sulalewa, in na yi mata magana sai ta mayar da Turanci. Na kafa doka, daga bakin ƙofa zuwa ciki sai Hausa.

Shawarata, kada ka cire yaran. Ka je taron iyaye da malamai, ka nemi wasu iyayen tukuna don kada ka zama kai kaɗai. Ku ce a ƙara darasin Turanci yadda ake so, a kawo malamin da ya iya, amma a janye tarar nan da rubuta sunaye. In shugaban makarantar ya ce iyaye ne ke so, to ga iyayen a gabansa.

In ka je gida, don Allah ka ɗaukar mini muryar Inna tana tatsuniya, ko biyu ce, ka turo wa takwararta. Kuka da daddawar da aka aiko sun kusa ƙarewa. A gaida Anti da yara, a ce wa Inna ina neman addu'a.

Ƙanwarka.